Girkin mutum ɗaya a tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali

"Assalamu alaikum Anti. Ni kaɗai nake zaune, ina fita aiki ƙarfe bakwai na safe, ba na dawowa sai bayan shida na yamma. Na gaji da cin abincin waje, ga shi likita ya ce jinina ya fara hawa. Yayata ta ba ni tukunyar lantarkin nan mai dafa abinci a hankali, mai cin lita 6. Sau uku ina gwadawa: na farko ya kama a gefe, na biyu ya zama ruwa tsululu, na uku na yi da yawa har ya ginshe ni na zubar. Me zan riƙa dafawa mai lafiya da ya dace da mutum ɗaya? Kuma babu haɗari a bar abinci a kan wuta ba kowa a gida?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma saka wa yayarka da alheri, don kyautar da ta yi maka za ta daɗe tana amfanarka. Idan na fahimce ka, tambaya uku ka haɗa: me ya sa girkin yake lalacewa, me za ka zuba wanda ya dace da mai son jininsa ya sauka, sannan ko za ka iya kulle ƙofa ka bar tukunyar tana aiki sa'o'i 11. Na daɗe ina ba mutane shawara kan abinci, kuma ni kaina na yi shekaru ina girka wa kaina ni kaɗai da irin wannan tukunya, don haka matsalolin nan uku duk na ɗanɗana su. Tushensu ɗaya ne: tukunyar gidan mutum shida ce a hannunka, kuma tsarin girkin da kake bi ma na mutum shida ne.

Halin tukunyar

Wani Ba'amurke mai ƙere-ƙere, Irving Naxon, shi ya ƙirƙiro ta, ya sami takardar mallakar fasahar a 1940. Tunanin ya samo shi ne daga labarin wani dahuwar wake da nama da Yahudawan Lituwaniya suke kai wa gidan burodi, su bar shi ya kwana a sauran zafin tanda. A 1970 kamfanin Rival ya sayi kamfaninsa, a 1971 ya fito da ita da sunan Crock-Pot. Ka riƙe wannan asali a ranka: wake da nama mai tauri. Don su aka yi ta, kuma har yau su ne abin da ta fi gwanancewa a kai.

Aikinta ba wuya. Akwai wayar zafi a jikin ƙarfen waje, ita ke ɗumama kaskon tangaran ɗin da ke ciki, zafin ya riƙa hawa sannu a hankali har ya kai dab da tafasa, ya tsaya nan yana 'yar ɓararraka a gefe. A yawancin tukwanen, ƙaramar wuta da babbar wuta kusan wuri ɗaya suke kaiwa. Bambancin shi ne ƙaramar takan ɗauki sa'o'i 7 zuwa 8 kafin ta isa can, babbar kuma 3 zuwa 4. Tururin da ya tashi yana taruwa a ƙarƙashin murfi ya sake ɗiga ciki, wato ruwan da ka zuba da safe shi za ka tarar da yamma, har da ƙari, domin tumatir da albasa kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinsu ruwa ne, nama ma yana fitar da nasa. Ga dalilin girkinka na biyu. Duk girkin da ka saba yi a kan murhu, in za ka kawo shi nan, rage ruwansa da rabi. In ba wake ko hatsi za ka dafa ba, ruwan kada ya rufe abincin. Ya tsaya a rabinsa.

Na farkon kuwa, da ya kama a gefe, ƙarancin abinci ne. Masu ƙera tukunyar suna cewa a cika ta daga rabi zuwa kashi biyu cikin uku. Rabin lita 6 lita 3 ke nan, abincin da zai ciyar da gida guda. Da ka zuba ɗan kaɗan, zafin da aka tsara wa lita 3 ya faɗa kansa. Da ka cika ta kuma, sai ka wayi gari da abincin mako guda iri ɗaya, wanda babu mai iya cinyewa da marmari.

Mafita biyu ce. Mafi kyau ka nemi ƙarama mai lita ɗaya da rabi zuwa 2, ka ajiye babbar don ranar baƙi. Idan ba hali yanzu, ɗauki kwanon tangaran ko na gilashi irin wanda ke jure zafin tanda, ka haɗa girkinka a ciki, ka zaunar da shi a tsakiyar babbar tukunyar, ka zuba ruwa a kewayensa zuwa rabin tsayinsa, ka rufe. Na yi wata da watanni ina haka kafin in sayi ƙarama, kuma wankin kwano ɗaya ya fi wankin katon kasko sauƙi.

Shawarata kada ka dafa faranti ɗaya. Dafa uku: ɗaya na daren yau, ɗaya a firji na gobe ko jibi, ɗaya a firiza da kwanan wata a jikin robar. Cikin mako biyu za ka ga firizarka ta tara kala huɗu ko biyar, ranar da ka dawo a gajiye sai zaɓi kawai.

Sa'o'i goma sha ɗaya sun yi yawa

Wannan ita ce matsalar da ba ka ambata ba, amma ita ta fi damuna a wasiƙarka. Yawancin girki a ƙaramar wuta sa'o'i 6 zuwa 8 yake so, a ƙaramar tukunya ma wani lokacin bai kai haka ba. Ƙirjin kaza, alal misali, ba shi da kitse ba shi da jijiya, in ya wuce sa'o'i 3 zuwa 4 sai ya bushe ya zama zare-zare ko da yana cikin romo. Naman da ke jure dogon zama shi ne mai jijiya: ƙwauri, wuya, kafaɗa, wutsiya, sai cinyar kaza da ƙashinta. Jijiyar nan, wadda masana ke kira kolajin, ita ce zafi mai tsawo yake narkarwa ta koma danƙon da ke sa romo ya yi kauri, nama ya riƙa rabuwa da cokali. Abin daɗin shi ne waɗannan sassa su ne aka fi rainawa, su ne kuma suka fi daɗi a nan.

Idan tukunyarka tana da agogon da ke mayar da ita kan ɗumi bayan ta gama, ka huta: sa'o'i 8 na dahuwa, 3 na ɗumi. Idan ba ta da shi, juya tsarin. Ɗora girki ƙarfe goma na dare, ka tashi ƙarfe shida ka tarar ya dahu, ka rarraba a ƙananan robobi marasa zurfi, ka sa a firji kafin ka fita. Da yamma minti biyar ne na ɗumamawa. Ni wannan tsarin na fi so, domin kana gida tukunyar take aiki. Abin da ba na so ka yi shi ne ka haɗa ɗanyen nama da safe ka sa agogon soket ya kunna wutar da rana. Naman zai zauna sa'o'i a zafin ɗaki, kuma tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin Selsiyos ne ƙwayoyin cuta suke yaɗuwa da sauri.

Inda lafiyar take

Tukunyar nan abu ɗaya ta iya: laushi. Ba ta rage gishiri, ba ta cire kitse, ba ta ƙara ganye. Lafiyar abincinka tana cikin minti goma kafin ka rufe murfi da minti goma bayan ka buɗe.

Mu fara da gishiri, tunda kai ne da hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan har da wanda ke ɓoye a burodi da abincin gwangwani da dunƙulen ɗanɗano. Idan ka ga an rubuta sodiyam a bayan kwali, ninka adadin sau biyu da rabi, shi ne gishirin. Ga abin da ke faruwa a wannan tukunya: dogon zama a wuta yana kwantar da ɗanɗano, ƙamshin kayan yaji ya dushe, mutum ya buɗe ya ɗanɗana ya ji lami, hannunsa ya tafi wajen gishiri. Sau da yawa ba gishiri abincin yake nema ba, tsami yake nema da sabon ƙamshi. Gwada da kanka: ɗebi romo a cokali biyu, ɗiga lemon tsami a ɗaya, ka ɗanɗana su a jere. Na sha yi wa mutane wannan gwaji a gabana, kuma kusan kowa sai ya rantse na ƙara gishiri a na biyun. Don haka ƙa'idata ita ce: ɗan ƙanƙanin gishiri a farko, sauran gyara a ƙarshe da lemon tsami, ɗanyar tafarnuwa da aka daka, gogaggiyar citta, masoro, ko yankakken ɗanyen ganye mai ƙamshi. Harshe yana sabawa. Bayan 'yan makonni abincin waje ne zai riƙa yi maka gishiri.

Kitse kuma duk wanda ya shiga tukunyar yana nan, ba inda za shi. Cire fatar kaza kafin ka zuba, domin a nan ba ta soyuwa, laɓe-laɓe kawai take zama ta sake mai. Yanke farin kitsen nama. Idan romon ya kwana a firji, kitsen zai daskare a sama ya yi fari, sai ka kwashe da cokali. Mai cokali ɗaya ya ishi faranti uku, kuma kada ka cire shi gaba ɗaya, don sinadaran da ke cikin karas da tumatir jiki ya fi ɗaukarsu idan da ɗan maiƙo. Idan kana da minti biyar, soya albasa da naman sama-sama a kasko kafin ka juye. Ba dole ba ne, amma gardin da wannan 'yar suyar ke bayarwa tukunyar ba za ta taɓa samar da shi da kanta ba, kuma abinci mai gardi ba ya neman gishiri da yawa.

Sai kayan lambu, waɗanda hukumar ta ce a ci aƙalla giram 400 a rana haɗe da 'ya'yan itace. Raba su gida biyu. Masu tauri, irin su karas, dankali, kabewa da albasa, su ne a ƙasa da gefe inda zafi ya fi, nama a kansu. Mutane kan yi mamaki, amma a wannan tukunya karas yana iya fin nama taurin kai. Duk da haka, a doguwar dahuwa yanka su manya-manya don kada su narke. Masu laushi kuwa, alayyafo, kabeji, koren wake, koren tattasai, a minti 15 zuwa 30 na ƙarshe suke shiga, ko ma lokacin ɗumamawa. Bitamin C ba ya jure dogon zafi. Alayyafon da ya yi sa'o'i 8 a wuta ya zama baƙi, ya yi yauƙi, ya rasa abin da aka ci shi dominsa. Wanda ka watsa a ƙarshe ka rufe minti goma yana fitowa kore shar. Alherin tukunyar a nan shi ne sinadaran da suka fita daga kayan lambu suka shiga ruwa ba a tsane su a zubar, a romo suke, kai kuma romon za ka sha. Madara, kifi da taliya su ma na ƙarshe ne: madara tana tsinkewa, kifi rabin sa'a ya ishe shi, taliya kuwa gara ka dafa ta daban.

Abin da nake dafawa

Wanda na fi yawan yi shi ne miyar adas, wato wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu faɗi dangin wake da ake kira lentil a Turance. Kofi ɗaya na adas mai ruwan ƙasa ko kore, a wanke; karas biyu, albasa ɗaya, tafarnuwa uku, tumatir biyu, ɗan kurkum da citta, ruwa kofi uku. Sa'o'i 6 zuwa 7 a ƙaramar wuta. Adas ba ya buƙatar jiƙo. Da ka buɗe, murƙushe kaɗan da bayan ludayi a jikin kasko don ya yi kauri, zuba alayyafo cikin hannu biyu, matse rabin lemon tsami. Lemon nan ba don ɗanɗano kaɗai ba ne, bitamin C ɗinsa yana taimaka wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke cikin adas ɗin. Kofi ɗaya na dafaffen adas yana ba da furotin wajen giram 18 da faiba, wato dusar tsirrai mai taimaka wa narkewar abinci, wajen giram 15, alhali abin da ake so babba ya samu na faiba a rana aƙalla giram 25 ne. Kwano ɗaya ya kai ka fiye da rabin hanya, kuma yana riƙe ciki har safiya.

Na biyu cinyar kaza uku marasa fata a kan gadon dankali mai zaƙi da albasa, da markaɗaɗɗen tumatir da tattasai rabin kofi, ruwa ɗan kaɗan ƙwarai. Sa'o'i 5 zuwa 6. Faranti na farko ka ci shi haka da kabeji. Na biyu ka zare naman daga ƙashi ka haɗa da shinkafa da ɗanyen kokwamba. Na uku ka ƙara ruwa da citta ya koma farfesu. Girki ɗaya, fuska uku, ba zai ginshe ka ba.

Na ranar da za ka daɗe a waje shi ne ƙwaurin sa, kamar giram 300, da rabin kofin sha'ir ko tsabar alkama, karas, albasa, kanumfari biyu da ganyen bay. Wannan yana jure sa'o'i 9 zuwa 10 ba tare da ya lalace ba, hatsin yana shanye romon ya kumbura. Ka lura naman bai da yawa: giram 100 a faranti, sauran hatsi da kayan lambu. Don karin kumallo kuma, ots, hatsin nan na Turawa da ake damawa kamar kunu, mai tsaba-tsaba wanda ba a baje ba, yana kwana lafiya a kwanon da ke cikin ruwa, kofi ɗaya da ruwa kofi huɗu da ɗan kirfa. Da safe ka sa madara da ayaba maimakon suga.

Abin da ba a wasa da shi

Jan wake mai siffar ƙoda yana ɗauke da wata guba ta halitta da tafasa mai ƙarfi ce kaɗai ke kashe ta. Zafin wannan tukunya ba lallai ya kai ba, kuma ƙwaya huɗu ko biyar da ba su dahu daidai ba sun isa su sa mutum amai da gudawa cikin sa'a ɗaya zuwa uku. Wata da nake ba shawara ta taɓa kirana cikin dare tana zaton nama ne ya ɓaci. Da na bi diddigi, jan wake ta zuba a bushe ta tafi aiki. Jiƙa shi aƙalla sa'o'i 5, zubar da ruwan jiƙon, tafasa shi a sabon ruwa a kan murhu yana ɓararraka sosai, minti 10 ne mafi ƙaranci, ni rabin sa'a nake ba shi, sannan ya shiga tukunyar. Ina yi wa kowane busasshen wake haka, ban da adas, don hankalina ya kwanta. Na gwangwani an riga an dafa shi, sai dai ka tsane ka ɗauraye don rage gishirinsa. Kuma tumatir da duk abu mai tsami yana hana wake laushi, sai ya yi taushi za ka zuba.

Kada ka sa daskararren nama kai tsaye; narkar da shi a firji tun daren jiya. Kaza ta dahu idan tsakiyarta ta kai digiri 74, niƙaƙƙen nama 71, kuma ɗan ma'aunin zafin abinci yana daga cikin kayan da ba za ka yi nadamar saye ba. Daina leƙawa: kowane ɗaga murfi yana iya ƙara maka minti 20 ko fiye. Ragowar abinci ya shiga firji cikin sa'o'i 2, a cinye cikin kwana 3 zuwa 4, shinkafa kuwa kada ta wuce kwana ɗaya. Ɗumame a kan murhu ko a maikurowef ake yi har ya yi tururi ko'ina, ba a wannan tukunya ba, don hawan zafinta ya yi jinkiri. Idan kuma wuta ta ɗauke ba ka gida, ba ka san tsawon lokacin da ta yi ba, zubar da abincin ko da ya yi kamar ya dahu. Na san da ciwo, amma ƙamshi da gani ba sa nuna ƙwayar cuta.

Batun gobara, an ƙera tukunyar ne don ta yi aiki ba mai tsaro, wutar da take ci ma kaɗan ce. Ajiye ta a kan dandamali mai tauri, nesa da labule da bango, duba wayar ba ta zaizaye ba, kaskon bai tsage ba, kuma jona ta kai tsaye a soket mai kyau.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa

Ban ga sakamakon gwajinka ba, ban kuma san ko an ɗora ka a kan magani ba. Wake, adas, dankali, tumatir da alayyafo duk suna da fotasiyam mai yawa, wanda ke taimaka wa yawancin masu hawan jini, amma ga mai ciwon ƙoda lissafin daban ne. Haka gishirin nan da ake sayarwa mai ƙarancin sodiyam, fotasiyam ne aka maye gurbin sodiyam ɗin da shi, kuma bai dace da wasu magungunan hawan jini ba. Tambayi likitanka kafin ka saya, kuma kada gyaran abinci ya sa ka ajiye magani da kanka.

Tukwanen ma ba halinsu ɗaya ba, wata tana da zafin hannu, wata sanyi, shi ya sa lokutan da na ba ka na farawa ne, kai za ka daidaita. A ranar hutunka ta gaba, kafin ka sake zuba komai, cika tukunyar da ruwa zuwa rabi, rufe, kunna ƙaramar wuta sa'o'i 8, sannan ka buɗe ka auna nan take. Ana so ka ga digiri 85 ko kusa da haka. Idan ya gaza sosai, kada ka dafa nama a ciki. Idan ya zarce har yana tafasa, taka mai gaggawa ce, sai ka rage sa'a ɗaya ko biyu daga duk abin da na faɗa, ka fara da miyar adas a daren ranar kana gida.